Karatun gaba da lisans a fannin raya filaye da gine-gine: abin da ya ƙunsa da waɗanda ake yi dominsu

1. Gabatarwa

Tun da jami'o'in ƙasashen UEMOA suka koma tsarin lisans, masta da doktora, bisa umurnin da ƙungiyar ta fitar a 2007, sassa da dama suna tunanin buɗe masta ta sana'a, wato wadda ake yi domin mutanen da suka riga suka kama aiki. Ɗaya daga cikin fannonin da ake yawan ambata shi ne abin da Faransawa suke kira promotion immobilière. A wannan takarda za mu kira shi raya filaye da gine-gine, mai yin sa kuma mai raya fili. Manufarmu ita ce mu bayyana yadda wannan karatu ya samo asali a inda aka fara shi, da ainihin abin da ake koyarwa a cikinsa, sannan mu duba abin da zai yi tsaye da abin da zai faɗi idan aka kawo shi Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai.

Ya kamata mu fara da raba shi da maƙwabtansa, domin ruɗani ya yi yawa a kansa. Mai raya fili ba magini ba ne, ba arshitek ba ne, ba dillali ba ne, ko da yake yana hulɗa da su duka. Shi ne wanda yake neman fili, ya tabbatar da takardunsa, ya sa a zana, ya nemo kuɗi, ya ba ɗan kwangila aiki, sannan ya sayar ko ya ba da haya. Abin da ya bambanta shi da sauran abu ɗaya ne: kowa ana biyan sa ladan aikinsa ko gidajen sun saidu ko ba su saidu ba, shi kuwa sai abin da ya rage. Idan ba abin da ya rage, bashin yana wuyansa.

2. Inda aka fara

A Ingila sana'ar ta taso ne daga masu awo da ƙiyasta darajar ƙasa. Ƙungiyarsu, wadda a yau ake kira RICS, an kafa ta a London a 1868, ta samu takardar amincewar sarauta a 1881. A 1919 aka buɗe College of Estate Management domin shirya mutane ga jarrabawar wannan ƙungiya, kuma babban aikinta shi ne koyarwa ta hanyar wasiƙa: ma'aikaci yana ofishinsa da rana, da dare ya yi darasin da aka aiko masa ta gidan waya. Daga baya makarantar ta koma garin Reading. Wannan tsari ya bi Ingilishi zuwa ƙasashen da suka mallaka. Shi ya sa a Najeriya ake da ƙungiyar masu ƙiyasta kadarori tun 1969, da dokar da ta tsara rajistarsu tun 1975, da sassan koyar da fannin a jami'o'i kamar ta Minna da ta Bauci.

A Faransa ƙofar shiga ita ce shari'a. Makarantar CNAM ta Paris, wadda aka kafa a 1794 kuma aka san ta da darussan yamma na ma'aikata, ta buɗe cibiyar ICH a 1960 domin nazarin tattalin arziki da dokokin gini da muhalli. Lokacin ya dace, domin shekarun da suka biyo baya ne aka yi manyan dokokin sana'ar: dokar 3 ga Janairu 1967 a kan sayar da gidan da ba a gama ginawa ba, dokar 2 ga Janairu 1970 a kan dillalan gidaje, da dokar 16 ga Yuli 1971 a kan yarjejeniyar mai raya fili da mai kuɗi. Dukkansu sun zo ne bayan mutane da yawa sun biya kuɗin gida a kan zane, kuɗin ya tafi, gidan bai tashi ba.

Amurka kuwa ta shiga ta ƙofar kuɗi. Jami'ar Wisconsin ta daɗe tana koyar da tattalin arzikin ƙasa tun zamanin Richard Ely, kuma a can ne James Graaskamp, wanda ya rasu a 1988, ya yi suna wajen koyar da binciken yiwuwar aiki kafin a zuba kuɗi. A 1983 MIT ta kafa cibiyarta ta nazarin kadarori, tare da masta ta shekara guda a kan raya filaye, wadda ake son mai shigarta ya zo da ƴan shekaru na aiki. Jami'ar Columbia da wasu sun bi sahu cikin shekarun 1980.

Hanyoyin uku sun haɗu a kan abu ɗaya. Babu wadda ta ɗauki wannan karatu a matsayin ci gaban lisans ɗaya tak. Ana tara injiniya, lauya, ma'aikacin banki da ma'aikacin hukumar gari a aji guda, kowane ya san rubu'in aikin sosai, sauran kashi ukun kuma yana jin labarinsu ne kawai.

3. Lissafin da yake tsakiyar karatun

Duk wanda ya duba jadawalin irin wannan masta zai ga darussa barkatai: dokar ƙasa, tsarin birni, haraji, binciken kasuwa, tafiyar da aikin gini, ƙiyasta daraja. Amma akwai lissafi ɗaya da yake ɗaure su, kuma wanda bai iya shi ba bai yi karatun ba. Faransawa suna kiran sa bilan promoteur, mu kuma muna iya ce masa lissafin baya-baya, domin daga kuɗin sayarwa ake farawa a gangaro zuwa kuɗin fili.

Ga misali. Lambobin na koyarwa ne, mun zaɓe su don sauƙin lissafi, ba farashin wata kasuwa ba ne. A ce akwai fili na hekta 2 a bakin gari, wato murabba'in mita 20,000. An cire kashi 35 bisa ɗari domin tituna, magudanan ruwa da wurin makaranta ko asibiti, saura mita 13,000. An yanka shi gida 40, kowane mita 325. Binciken kasuwa ya nuna ana iya sayar da kowane gida sefa miliyan 20, jimla miliyan 800. Daga nan sai a fara ragewa. Ginin kowane gida miliyan 13, wato miliyan 520. Titi, ruwa, lantarki da magudana miliyan 80. Ladan arshitek, mai awo, noter, haraji da kuɗin talla miliyan 50. Kuɗin ruwan banki miliyan 40. Ribar da mai raya fili yake nema saboda kasadar da ya ɗauka, kashi 10 bisa ɗari na ciniki, miliyan 80. An kashe miliyan 770 ke nan. Abin da ya rage, miliyan 30, shi ne iyakar abin da za a iya biyan mai gona, wato sefa 1,500 kowane murabba'in mita.

Darasin farko da ɗalibi yake ɗauka shi ne darajar fili ba a jikin filin take ba. Tana fitowa ne daga abin da doka ta yarda a gina a kansa da abin da masu saye za su iya biya. Darasi na biyu ya fi zafi. Idan siminti da ƙarfe suka tashi har kuɗin gini ya ƙaru da kashi 5 bisa ɗari kawai, miliyan 26 sun tafi, abin da ya rage wa fili ya koma miliyan 4. Idan kuwa takarda ta maƙale a ofis har kuɗin ruwa ya ninka, an shiga giɓin miliyan 10 tun ba a biya mai gona ko dala ba. Ƙaramin motsi a manyan lambobi yana share ƙaramar lambar da ke ƙasa. Waɗanda suka yi aikin gini a Janairu 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, sun ga wannan da idonsu: kayan da ake shigowa da su sun yi tsalle cikin ƴan kwanaki, alhali farashin da aka yi alkawari da mai saye yana nan a rubuce.

A nan ne ake gane amfanin tara ma'aikata daban-daban. Injiniya yana iya faɗin ko miliyan 13 za su gina gidan. Ma'aikacin meri ya san wata nawa izinin yanka fili yake ɗauka a zahiri, ba abin da dekire ya ce ba. Ma'aikacin banki ya san ranar da za a fara lissafa ruwa. Malami ba ya da waɗannan lambobi a littafinsa, suna aljihun ɗalibansa. Aikinsa shi ne ya sa su fito da su, ya nuna musu yadda kowace take taɓa ƴar'uwarta.

Bayan wannan lissafi akwai na biyu, wanda yake sa lokaci a ciki: sefa miliyan ɗaya ta yau ba daidai take da miliyan ɗaya ta bayan shekara uku ba. Ana jera kuɗin da zai fita da wanda zai shigo wata-wata, a mayar da su darajar yau. Ba za mu tsaya a kansa ba, domin duk wanda ya yi lisans a tattalin arziki ya san shi, injiniyoyi kuma suna kama shi cikin mako biyu.

4. Abin da littattafan waje suka ɗauka tamkar ruwan sha

Littafin da aka rubuta a Boston ko Paris yana tafiya a kan abubuwa biyu da bai ga dalilin tsayawa a kansu ba: cewa an san mai fili ba tare da gardama ba, da cewa mai saye zai samu bashi mai dogon wa'adi. A Nijar waɗannan biyun su ne ainihin matsalar, saboda haka su ya kamata su ci rabin karatun.

Mu fara da fili. Tsarin rajistar ƙasa da muka gada ya samo tushe daga dekiren 26 ga Yuli 1932 na Afirka ta Yamma ta Faransa. A ƙarƙashinsa titir fonsiye ne kaɗai hujjar mallaka da ba a tayar da ita. Amma mafi yawan mutanen birni abin da suke riƙe da shi takardar da meri take bayarwa ce bayan lotisma, wadda ake kira acte de cession, ko kuma takardar shaidar mai gari ko sarki cewa gonar ta gado ce. A 1993 dokar Code rural ta amince cewa mallakar gargajiya mallaka ce, ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye. A 2006 aka shigo da titir mai sauƙi da aka sa wa suna Sheda, don rage tsada da jinkiri. Duk da haka bakin birni, inda gona take zama unguwa, shi ne wurin da dokar karkara da dokar birni suke karo, kuma nan ne mai raya fili yake aiki.

Ƙari a kan haka, yanka fili ya daɗe da zama hanyar samun kuɗi ga hukumomi. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya wani ɓangare na bashin albashin ma'aikata da filaye. Masu zaman kansu su ma sun shiga lotisma. Sakamakon yana bayyane ga duk wanda ya zaga bayan Yamai: filaye masu siminti a kusurwa huɗu, babu titi, babu famfo, babu magudana, an saya an ajiye ana jiran farashi ya tashi. Dajin da aka fara shukawa kewaye da birnin a 1965 domin tare iska da ƙura ya sha yanka ta wannan hanya. Wannan ba raya fili ba ne, rarraba fili ne, kuma wajibi ne masta ta koya wa ɗalibi bambancin. A misalinmu na sama, wanda ya tsallake miliyan 80 na titi da ruwa bai rage tsadar aikin ba, ya tura ta ne kan mai saye da kan meri, su biya daga baya da tsada. Ambaliyar Yamai ta 2020 da ta 2024 da ta shafi jihohi da dama sun nuna abin da gini a hanyar ruwa yake jawowa.

Akwai kuma gado. Gona ɗaya tana iya zama ta magada ashirin, wasu suna Kano, wasu suna Abijan, ɗaya ya sayar ba da sanin sauran ba. Ɗalibin da ya san dokar jingina ta OHADA, wadda aka yi a 1997 aka sabunta a 2010, amma bai san yadda ake rabon gado a mazhabar Malikiyya ba, bai san haƙƙin shuf'a da abokin tarayya yake da shi ba, zai sayi shari'a da kuɗinsa. A ganinmu darasin gado da na al'adun ƙasa ba na zaɓi ba ne a nan, kuma alƙali ko noter da ya daɗe yana ganin irin waɗannan rigingimu ya fi cancanta ya koyar da shi.

Sai kuɗi. A ce mai saye ya biya miliyan 5 daga aljihunsa, ya ranci miliyan 15 a kan ruwa kashi 10 bisa ɗari. Idan wa'adin shekara 10 ne, zai riƙa biyan wajen sefa 198,000 kowane wata. Idan shekara 20 ne, wajen 145,000. In banki ba ya yarda biyan ya wuce sulusin albashi, ana bukatar albashin wajen 595,000 a hali na farko, 435,000 a na biyu. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma sefa 42,000 a 2024. Ba sai an yi dogon bayani ba: gidan miliyan 20 na mutane ƙalilan ne. An kafa asusun CRRH na UEMOA a 2010 domin bankuna su samu kuɗi mai dogon wa'adi, an kuma buɗe bankin muhalli na Nijar a 2018, amma tsawaita wa'adi, kamar yadda lissafin ya nuna, yana rage nauyi ne da kusan rubu'i, ba ya kawar da shi.

Yadda akasarin mutane suke gini kowa ya sani: a sayi fili bana, a kewaye shi baɗi, a buga bulo idan adashi ya fito ko ɗan'uwa ya aiko daga waje, a shiga ɗaki biyu kafin a gama sauran. Ɗan kasuwar Maraɗi da yake gina shaguna ko gidajen haya da kuɗinsa, ba banki ba noter, shi ma mai raya fili ne ko da bai taɓa jin sunan ba. Wasu kuma suna da halin cin bashi amma suna gudun riba saboda addini, don haka murabaha, istisna'i da ijara suna da gurbi a jadawalin. Karatun da ya kawar da kai daga waɗannan zai horar da mutane domin kasuwar da ba ta kai kashi kaɗan na gine-ginen ƙasar ba.

5. Ɗalibin da yake da ofis

Masta a tsarin da muke bi zango huɗu ce, kiredi 120. Ma'aikacin da yake da iyali da ofis ba zai zauna aji safe da yamma shekara biyu ba. Hanyoyin da aka gwada a wasu wurare su ne darasin yamma, ko mako guda cur a kowane wata, ko karatu daga nesa tare da haɗuwa lokaci-lokaci. Ga wanda yake aiki a Birnin Ƙonni ko Tasawa, mako guda a wata ya fi dacewa, domin darasin yamma na mazauna gari ne kawai.

Matsala ta biyu ita ce shiga. Akwai mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana tafiyar da aikin gini da difloma ta shekara biyu bayan bak. Faransa ta warware wannan da dekiren 1985 da ya ba da damar shiga karatu bisa ƙwarewar aiki, sannan dokar 17 ga Janairu 2002 ta ba da damar samun difloma kanta ta wannan hanya. Idan sashe bai tsara irin wannan ƙofa da sharuɗɗa a rubuce ba, abu biyu ne zai faru: ko a rufe wa waɗanda aka buɗe karatun dominsu, ko a riƙa shigar da mutane bisa sanayya.

Game da kundin ƙarshe, muna ganin kuskure ne a nemi ma'aikaci ya rubuta irin kundin mai shirin doktora. Abin da ya dace shi ne fili na gaskiya, da takardunsa, da zanensa, da lissafin baya-baya, a kare shi gaban kwamitin da ya haɗa malami da ma'aikacin banki da mai awo. Kuma a yarda cewa kundin da ya kammala da "kada a yi wannan aiki" yana iya cin maki mafi girma. Sai dai akwai haɗari a nan da ya kamata a faɗa: ajin da ya tara mai ba da izini da mai neman izini yana iya zama wurin ƙulla abin da bai dace ba. Dole dokar sashe ta hana ɗalibi yin kundi a kan fayil ɗin da yake hannunsa a ofis.

6. Wa zai koyar, kuma a ina

Makarantar EAMAU ta Lome, wadda Nijar take cikin ƙasashen da suka mallake ta, tana horar da arshitek da masu tsara birni tun tsakiyar shekarun 1970, kuma da yawa daga ma'aikatanmu can suka fito. Amma zane da tsara birni ɓangare ne kawai na abin da muka bayyana. A cikin gida, jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, waɗanda aka kafa a 2010 a kan cibiyoyin IUT da suka riga su, sun rabu da fannonin kamar an raba gado: injiniyancin gini yana Maraɗi, tsara ƙasa da birni yana Damagaram, shari'a da tattalin arziki da gudanarwa suna Tawa. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da labarin ƙasa, shari'a da tattalin arziki, kuma ita ce kusa da ma'aikatu da hedkwatar bankuna da SONUCI.

Ma'anar wannan ita ce babu sashe ɗaya da zai iya ɗaukar karatun shi kaɗai ba tare da ya cika jadawali da abin da malamansa suka iya ba, maimakon abin da sana'ar take bukata. Tsarin mako guda a wata yana ba da damar ajin ya riƙa zagayawa: zangon shari'a da kuɗi a Tawa, na gini a Maraɗi, na tsarin birni a Damagaram, inda unguwar Birni da gine-ginenta na ƙasa za su ba da darasi a kan gyaran tsohon gini, musamman bayan rushewar tsohon masallacinta a damanar 2024. Tsakanin Maraɗi da Damagaram kusan kilomita 240 ne, ba abin da zai gagara ba ne. Abin da zai fi wuya shi ne yarjejeniya a kan jami'ar da za ta sa hannu a difloma, da yadda za a raba kuɗin rajista, da nawa za a biya noter ko injiniyan da ya bar ofishinsa ya zo koyarwa na kwana biyar. Waɗannan tambayoyi uku ya kamata shugabannin sassan su amsa a rubuce kafin a kai fayil ɗin gaban CAMES.